Ziyara zuwa tsofaffin gidajen ibada na Fujiyan

Yara, kun san abin da ke samun katangar ƙasa idan an bar ta ba yaɓe. Damina ta farko ta zaizaye ta, ta biyu ta tsaga ta, ta uku sai a wayi gari ta kwanta. Shi ya sa maigida yake kiran magina tun kafin ruwa ya sauka. Yau za mu yi tafiya mai nisa, mu ga waɗansu gine-gine da suka daɗe ƙwarai a tsaye. Akwai hasumiyoyi biyu na dutse da suka kusa shekara 800. Akwai ɗakin katako da ya wuce shekara 1.000. Ga tambayar da za mu riƙe har ƙarshen tafiyar: mi ya sa ba su faɗi ba?

1. Ina Fujiyan take?

Ku buɗe taswirar duniya, ku nemi nahiyar Asiya. Can gabas za ku ga ƙasar Sin, wadda muke ce wa mutanenta Sinawa ko Shinuwa. Ku bi bakin teku da yatsa har kudu maso gabas, daura da tsibirin Taiwan. Nan jihar Fujiyan take. A taswira an rubuta sunanta Fujian. Babban birninta shi ne Fujo (Fuzhou).

Nijar ta ninka Fujiyan girma kamar sau goma, amma a ƙidayar 2020 mutanen jihar sun fi miliyon 41. Ƙasar duwatsu ce. Mutanenta suna cewa in an raba ta kashi goma, takwas duwatsu ne, ɗaya ruwa, ɗaya kaɗai gona. Da yake gona ba ta isarsu, tun da can suka fuskanci teku. Suka zama masunta, da masu sassaƙa jiragen ruwa, da fatake. A bisa tuddai kuwa suna noman ganyen shayi.

Gini yana da abokan gaba da yawa a Fujiyan. Ruwan sama yana da yawa, laima tana ruɓar da itace, gara tana ci. A watannin zafi guguwa mai ƙarfi tana tasowa daga teku, tana yaye rufin gidaje. Wani lokaci ƙasa tana girgiza. Ga kuma gobara, wadda ba ta jin tausayin ginin katako.

2. Wane ne Buda?

Gidajen ibadar da za mu ziyarta na mabiya addinin Buda ne. A ƙasarmu ba mu saba ganin masu wannan addini ba, don haka bari mu fara da sanin asalinsa.

Buda laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunan mutumin Sidarta Gotama. Ɗan sarki ne, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2.500 da suka wuce. Mabiyansa suna ba da labari cewa ya tashi cikin daula, bai san wahala ba, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho, da marar lafiya, da gawa. Abin ya dame shi. Ya bar fada, ya shiga neman dalilin wahalar ɗan Adam. Daga baya ya koyar da cewa kwaɗayi da son zuciya su ne tushen wahala. Ya hori mabiyansa su bar kisa, da sata, da ƙarya, da alfasha, da shan abin maye.

Addinin ya fito daga Indiya, ya bi hanyoyin fatake ta tudu da ta ruwa. Ya iso ƙasar Sin a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Aka fassara littattafansa cikin harshen Sinawa, aka gina gidajen ibada a birane da kan duwatsu.

A cikin gidajen nan masu zuhudu suke zaune. Su ne mutanen da suka bar gida da dukiya don ibada da karatu. Suna aske kai ƙwal, ba sa aure, kuma a ƙasar Sin ba sa cin nama. Suna tashi tun da asuba, idan an buga babbar ƙararrawa da ganga.

3. Garin Zaitun

Zangonmu na farko shi ne birnin Cuwanjo (Quanzhou), a bakin teku. A zamanin da, Larabawa suna kiransa Zaitun. Sunan ya samo asali daga wani itace mai jan fure, dangin minjirya, da aka dasa kewaye da ganuwar garin. Sinawa suna ce masa citung, Larabawa kuma suka ji kamar zaitun.

Daga ƙarni na 10 zuwa na 14, Zaitun tana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na duniya. A 1087 sarki ya buɗe gidan duwan a garin don karɓar kuɗin fito. Jirage suna fita da siliki, da kwanukan tangaram, da ƙarfe. Suna komowa da turare, da masoro, da hauren giwa. Larabawa, da Farisawa, da Indiyawa suka zauna a garin, kowa da unguwarsa da wurin ibadarsa. Masallacin garin an gina shi tun 1009. Rufin babban ɗakin sallarsa ya faɗi tuntuni, amma ƙofa da bangon dutse suna nan, da rubutun ayoyin Alƙur'ani a jikinsu.

Akwai wani matafiyi da ya taka Zaitun, ya kuma taka ƙasarmu. Shi ne Ibn Batuta, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko. Ya iso Zaitun wajen 1345. Ya ce ya ga manyan jirage kamar ɗari a tashar, ƙanana kuwa ba su ƙirguwa. Ya kuma lura cewa babu itacen zaitun a garin, duk da sunansa. A 1353 sai ga shi a Takadda, garin jan ƙarfe, cikin jihar Agadas ta yanzu. Ku da kuke koyon Faransanci, ku riƙe wannan: masana da yawa suna ganin sunan yadin nan mai santsi, wato satin, daga kalmar Zaitun ya fito.

Fatauci ya kawo wa garin dukiya. Da dukiyar nan aka biya magina da masassaƙa dutse. Yanzu mu je mu ga aikinsu.

4. Mu shiga Kayuwan

A kan wani tsohon titi da ake kira Titin Yamma akwai gidan ibada na Kayuwan (Kaiyuan). Shi ne mafi girma cikin gidajen ibadar Buda na Fujiyan. Faɗinsa murabba'in metir 78.000, ya fi filin ƙwallon ƙafa goma ke nan.

An kafa shi a shekarar 686. Mutanen garin suna da labarin da suke bayarwa game da kafuwarsa. Wai wurin garka ce ta wani attajiri mai suna Huwang, cike da itatuwan da ake ciyar da tsutsar siliki da ganyensu. Wata rana ya yi mafarki wani mai zuhudu yana roƙonsa filin. Huwang bai so bayarwa ba, sai ya ce: in itatuwan nan suka yi furen bado, na ba ka. Kun san bado cikin tabki yake fure, ba bisa itace ba. Bayan ƴan kwanaki, wai sai ga fararen furanni a kan rassa. Huwang ya cika alkawari. Wannan labarin baka ne. Amma har yanzu akwai wani tsohon itace a cikin gidan, an kewaye shi da katanga, ana cewa shi ne ragowar garkar. Sunan Kayuwan kuwa a 738 aka raɗa shi, lokacin da sarkin Sin ya ba da umurni kowane yanki ya sami gidan ibada mai wannan suna.

Ƙofar gidan tana kallon kudu. Da shiga za ku ga manyan mutum-mutumi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sun zare idanu. Masu gadi ne. Daga nan sai wani babban tsakar gida da aka shimfiɗe da dutse. Tsofaffin itatuwa dangin cediya sun yi masa inuwa, saiwoyinsu suna reto daga rassa kamar gemu. Hayaƙin turaren wuta yana tashi daga wata babbar tukunya. Tsofaffi suna zaune suna hira, yara suna guje-guje. Ran 26 ga kowane wata, bisa lissafinsu na ganin wata, gidan yana cika maƙil da masu ibada.

5. Ɗaki mai ginshiƙi ɗari

A ƙarshen tsakar gida babban ɗakin ibada yake. Ana kiransa ɗaki mai ginshiƙi ɗari, amma wanda ya ƙirga zai sami 86. Ɗakin ya lalace an sake gina shi ba sau ɗaya ba. Wanda ake gani yau ginin 1637 ne. A ciki akwai manyan siffofin Buda guda biyar a zaune, an shafe su da ruwan zinariya.

Ku ɗaga kai sama. A inda azara ta haɗu da ginshiƙi za ku ga waɗansu halittu na katako guda 24, rabi mutum rabi tsuntsu, sun buɗe fukafukai. Waɗansu suna riƙe da molo irin nasu, waɗansu da sarewa, waɗansu da kayan rubutu. Ado ne, kuma suna da aiki: su ne suke tallabe azara, suna raba nauyin rufi.

Ga dabarar maginan Sin. A ginin ƙasa, bango ne yake ɗauke da rufi. A nasu ginin, ginshiƙai ne suke ɗauke da shi. A kan kowane ginshiƙi suna jera ƙananan katakai da aka yi wa gurbi, wannan ya shiga cikin wancan, kamar yadda kuke sarƙe yatsun hannuwanku. Ba su dogara ga ƙusa ba. Idan ƙasa ta girgiza, mahaɗan suna motsi kaɗan, sa'an nan su koma mazauninsu. Kun ga yadda karan gero yake sunkuyawa in iska ta taso, busasshen reshe kuwa ya karye. Kuma idan katako ɗaya ya ruɓe, ana iya zare shi a sa sabo, ba sai an rushe ɗakin duka ba.

Yanzu ku zagaya bayan ɗakin. A baranda akwai ginshiƙai biyu na dutse da ba su yi kama da sauran ba. An sassaƙa musu hotuna cikin da'ira, hotunan labaran addinin Hindu. Mi ya kawo su nan? A ƙarni na 13 fatake ƴan kudancin Indiya sun gina nasu gidan ibada a Zaitun. Daga 1357 zuwa 1366 aka yi mummunan yaƙi a garin. Baƙi da yawa suka mutu, waɗansu suka gudu, fatauci ya ja baya. Gidan ibadar Indiyawan ya rushe, ba wanda ya tashe shi. Daga baya magina suka kwaso duwatsunsa suka sa a ginin Kayuwan. Ku riƙe labarin ginshiƙan nan biyu, za mu komo kansa.

6. Itace, tubali, dutse

Abin da ya fi jan ido a Kayuwan shi ne hasumiyoyi biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ta gabas ta fi metir 48 tsawo, ta yamma ta fi metir 44. Hasumiyar masallacin Agadas metir 27 ce, sai ku kwatanta. Amma ba a kiran salla a kan waɗannan. Asalinsu daga Indiya ne, inda ake yin tudu a binne wani abu na Buda ko na babban malami don tunawa da shi. Da al'adar ta iso ƙasar Sin, sai tudun ya zama dogon bene.

Hasumiyar gabas an fara yin ta da katako a 865. Bayan shekara hamsin da ɗoriya aka yi ta yamma, ita ma da katako. A 1155 gobara ta cinye su. Mutane suka sake ginawa. Wuta ta sake ci. Sai suka bar katako, suka koma tubali. Wannan ma bai gamsar da su ba. A ƙarshe suka yanke shawara su yi da dutse, dutse mai tauri irin na duwatsun Damagaram.

Aikin hasumiyar yamma ya fara a 1228, ya ƙare a 1237. Na ta gabas ya fara a 1238, ya ƙare a 1250. Jimla shekara 22 ana fasa dutse, ana sassaƙa, ana ɗorawa, ba injin, ba siminti. Yaron da aka haifa ranar da aka fara aikin ya zama magidanci kafin a gama. Sannu ba ta hana zuwa.

Kowace hasumiya tana da hawa biyar da kusurwa takwas. Abin mamaki, magina sun sassaƙa dutsen ya fito kamar ginin katako, da azara, da ginshiƙi, da bakin rufi mai lanƙwasa. Sun canza kayan gini, ba su canza siffar da suka gada ba. A bangon kowane hawa akwai hotunan dutse 16, wato 80 ga kowace hasumiya. Akwai jarumai masu takobi, akwai malamai. A hawa na huɗu na hasumiyar yamma akwai wani mai kan biri, riƙe da babbar wuƙa. A kusurwoyin rufi an rataya ƙananan ƙararrawa, iska tana kaɗa su.

7. Mi ya sa ba su faɗi ba?

A ƙarshen shekarar 1604 aka yi babbar girgizar ƙasa a tekun da ke gaban Cuwanjo. Gidaje da yawa suka rushe, gadoji suka lalace. Hasumiyoyin sun ji jiki, an yi musu gyara daga baya, amma ba su faɗi ba. Ga dalilai huɗu.

Na farko, gindinsu yana da faɗi, kuma kowane hawa bai kai na ƙarƙashinsa girma ba. Nauyi yana ƙasa ke nan, kamar tulu mai faɗin gindi.

Na biyu, a tsakiyar kowace hasumiya akwai wani ƙaton ginshiƙi na dutse, daga ƙasa har sama. Dogayen duwatsu sun fito daga jikinsa sun shiga bangon waje ta ko'ina, kamar wayoyin ƙafar keke. Bango yana riƙe da ginshiƙi, ginshiƙi yana riƙe da bango.

Na uku, ba a jera duwatsun bango fuska ɗaya ba. Wannan a kwance bisa tsawo, wancan a gicciye, don kada mahaɗa ta hau kan mahaɗa. Maginan tubali na garinku ma haka suke yi.

Na huɗu, ƙofa wuri ne mai rauni a jikin bango. Don haka magina ba su ɗora ƙofa bisa ƙofa ba. Inda aka yi ƙofa a hawa na farko, a hawa na biyu bango ne, a na uku ƙofa kuma. In tsaga ta fara, ba ta samun hanyar da za ta bi ta miƙe har sama.

Yau ba a barin baƙi su hau hasumiyoyin, don kada su lalace. Daga ƙasa ake kallonsu.

8. Jirgin da aka tono

Kafin mu fita, mu leƙa wani ɗaki a gefen gabas na gidan. A ciki akwai gangar jikin wani tsohon jirgin ruwa. An tono shi daga cikin laka a bakin tekun Cuwanjo a 1974. Abin da ya rage na jirgin ya kai metir 24 tsawo, metir 9 faɗi. Ya nutse a ƙarni na 13, ba da daɗewa ba bayan an gama hasumiyoyin.

An raba cikinsa ɗaki 13 da bangon katako. In ruwa ya shiga ɗaki ɗaya, ba ya wucewa sauran. A ciki an sami itacen turare fiye da kilo 2.000, da masoro, da kuɗin tagulla, da wuri irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Irin jiragen nan ne suka kawo dukiyar da aka biya magina.

9. Sauran gidajen ibada

Jirgin ƙasa mai gudu ya haɗa biranen bakin tekun Fujiyan. Daga Cuwanjo mu yi arewa zuwa Fujo. A nan ne ɗakin Huwalin (Hualin) yake, wanda aka gina a 964. Shi ne ginin katako mafi tsufa a kudancin ƙasar Sin. Sauran ɗakunan gidan duk sun ɓace, shi kaɗai ya rage. Yanzu ba a ibada a cikinsa, hukuma ce take kula da shi, mutane suna zuwa kallo.

Gabas da Fujo akwai wani dutse da ake kira Dutsen Ganga. Ana hawansa ta matakala ta dutse, cikin kurmi. Can sama gidan ibada na Yungcuwan (Yongquan) yake. A ƙofarsa akwai ƙananan hasumiyoyi biyu na yumɓu da aka gasa a 1082, kowace ta kusa metir 7, kowace da ƙananan siffofin Buda fiye da 1.000. Maginan tukwane ne suka yi su. Gidan ya yi suna wajen buga littattafai. Ana sassaƙa rubutu a juye a bisa allon katako, a shafa tawada, a ɗora takarda a danna. Allo ɗaya yana buga takarda ɗaruruwa. Har yanzu ana ajiye da dubban allunan nan.

In muka yi kudu kuwa, sai birnin Shiyaman (Xiamen). Nan ne gidan ibada na Nanfuto (Nanputuo), a gindin dutse, yana kallon teku. Tun 1925 aka buɗe makarantar masu zuhudu a cikinsa. Gidan ya yi suna da abincinsa marar nama: shinkafa, da ganye, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da awara.

10. Ladabin baƙo

Masu magana sun ce baƙo rabin makaho ne, ko da yana da idanu. In Allah ya kai ɗayanku can wata rana, ga abin da ya kamata ya sani.

Ya sa tufafi na mutunci, ya yi magana a hankali. A yawancin gidajen nan ba a tuɓe takalmi, sai inda aka ce a tuɓe. Dokin ƙofa yana da tudu, tsallake shi ake yi, ba a taka shi. Ba a shiga da nama, ko giya, ko taba. Ba a taɓa siffofi, ba a nuna su da yatsa, ba a ɗaukar hoto inda aka hana. Ba a gittawa gaban mai ibada. Masu zagaya hasumiya suna barin ta a hannun damansu, kada baƙo ya tare musu hanya. Ba a rubuta suna a bango.

Ba wanda zai tilasta wa baƙo ya rusuna ko ya ƙona turare. Musulmi ko Kirista yana iya shiga ya duba gini, ya koyi tarihi, ya fita da addininsa. Abin da ake so gare shi shi ne ladabi, irin wanda muke so baƙo ya nuna in ya zo ƙofar masallacinmu.

11. Masu gyara

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Mun ga dabarun magina: gindi mai faɗi, ginshiƙin tsakiya, katakai masu sarƙewa. Amma ku tuna da ginshiƙai biyu na bayan babban ɗaki. Gidan ibadar Indiyawa ma da dutse mai tauri aka gina shi, gwanaye ne suka sassaƙa shi. Duk da haka ya ɓace, domin mutanensa sun watse. Kayuwan kuwa ya sha wuta da girgizar ƙasa, amma kullum akwai masu tashinsa.

Ko a zamanin nan an shiga haɗari. Daga 1966 zuwa 1976 an yi wani juyi a ƙasar Sin, aka rufe gidajen ibada, aka farfasa kayan tarihi masu yawa. Kayuwan da hasumiyoyinsa sun tsira. A 1982 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi da doka ta kare. Ƴan Fujiyan da suka yi ƙaura zuwa Singafo, da Maleshiya, da Filifin suna aiko da kuɗi don gyaran gidajen ibadar garuruwansu. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wurare 22 na Cuwanjo cikin kayan gadon duniya. Kayuwan yana ciki, tsohon masallacin nan ma yana ciki.

Kowace safiya akwai mai share tsakar gidan. Akwai mai duba rufi bayan guguwa, akwai mai neman gara a gindin ginshiƙi. Aikinsu ɗaya ne da na maigidan da yake yaɓe katangarsa kafin damina.

Ma'anar kalmomi

Hasumiya: dogon gini siriri da ya fi sauran gine-gine tsawo.
Ginshiƙi: itace ko dutse da aka kafa a tsaye don ya ɗauki rufi.
Mai zuhudu: wanda ya bar dukiya da jin daɗin duniya don ibada.
Ƙarni: shekara ɗari.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Tangaram: yumɓu mai kyau da aka gasa har ya yi santsi da ƙyalli.

Tambayoyi

1. Mi ya sa mutanen Fujiyan suka fuskanci teku?
2. Ku faɗi abokan gaban gini guda huɗu a Fujiyan.
3. Daga ina sunan Zaitun ya fito?
4. Wane matafiyi ne ya je Zaitun, ya kuma zo Takadda? A waɗanne shekaru?
5. Da waɗanne abubuwa uku aka gina hasumiyoyin Kayuwan, ɗaya bayan ɗaya?
6. Mi ya sa magina ba su ɗora ƙofa bisa ƙofa ba?
7. Yaya aka yi ginshiƙan Indiyawa suka shiga ginin Kayuwan?
8. Ku faɗi abubuwa uku da baƙo ba ya yi a gidan ibadar wasu.

Aiki

1. Lissafi: an gama hasumiyar gabas a 1250. Shekara nawa ke nan zuwa bana? Shekara nawa ta yi a tsaye kafin girgizar ƙasa ta 1604?
2. Zane: ku zana hasumiya mai hawa biyar a kayenku, ku sa ƙofofinta yadda aka bayyana.
3. Bincike: ku tambayi wani dattijo wane gini ne ya fi tsufa a garinku, wa ya gina shi, kuma su wa suke gyaransa. Ku rubuta amsar cikin layi goma, ku karanta wa ƴan ajinku.